Almajirancin Likita Mila na Zariya (1872-1952)

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya karanta tarihin rubutun boko a ƙasar Hausa ya san akwai sunayen wasu Turawa waɗanda ba a iya tsallake su, irin su Schön, da Robinson, da Vischer wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, da Bargery, da East. A cikin wannan jeri akwai wani wanda akan ambata a gurguje a wuce, watau Walter Richard Samuel Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. Dalilin haka kuwa a fili yake. Sauran, ko da yake wasunsu ma 'yan mishan ne, abin da muke tunawa da su shi ne ƙamus da nahawu da littattafan hira, waɗanda kowa ke amfani da su. Shi kuwa Mila babban aikinsa shi ne fassarar Littafi Mai Tsarki na Kirista, kuma tun daga ranar da ya sa ƙafa a ƙasar nan har ya mutu bai ɓoye wa kowa ba cewa ya zo ne don ya juyar da Hausawa daga Musulunci.

Ba lalle ne mutum ya yarda da abin da ya kawo shi ba kafin ya yi nazarinsa. Abin da ya ja hankalina gare shi kalma ce guda ɗaya. A cikin fassarar da ya jagoranta, mutanen nan goma sha biyu da suka bi Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata gare shi, an kira su almajirai, kuma da wannan suna Kiristocin Hausa suke kiransu har yau. Masana sun ce asalin kalmar daga Larabci take, watau wanda ya yi ƙaura. Bahaushe kuma ya san sharuɗɗanta sarai: a bar gida, a jure yunwa da sanyi, a yi wa malami biyayya ba gardama. Sharuɗɗan da Linjila ta gindaya wa mai bin Almasihu ba su yi nisa da waɗannan ba, domin ita ma ta nemi mutum ya bar dangi da dukiya, ya ɗauki wahala, ya daina waiwaye. To, Mila ya cika sharaɗin farko da na biyu yadda ba mai musu. Na ukun ne ke da magana, domin mutumin da ya miƙa wuya ɗungum ga abin da ya ɗauka kiran Ubangiji ne, ya zamana da wuya a sami wani shugaba ɗan Adam, baƙi ko fari, wanda ya ji daɗin shugabantarsa.

Asalinsa da Kiransa

An haifi Mila a shekarar 1872 a garin Honiton, cikin lardin Devon na ƙasar Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin Saint Bartholomew da ke Landan. Zamanin da ya tashi zamani ne da wata guguwar farfaɗo da addini ta kama samarin jami'o'in Ingila. Tun daga 1875 akan yi wani babban taron wa'azi kowace shekara a garin Keswick, inda ake koyar da cewa bangaskiyar baki ba ta isa ba, sai mutum ya sallama rayuwarsa duka, har da zaɓen sana'a da wurin zama. Ɗalibai kuma suka kafa ƙungiyar 'yan sa-kai, inda saurayi kan sa hannu a takarda cewa in Allah ya yarda zai tafi wa'azi wata ƙasa. Burinsu shi ne bishara ta game duniya tun tsaransu na raye. Wanda bai fahimci wannan yanayi ba, ba zai gane abin da zai sa likita sabon fita, wanda aiki mai tsoka ke jira a Landan, ya kama hanyar ƙasar da ake ce wa kabarin Bature ba.

Kuma ba a ɓoye masa haɗarin ba. A 1890 ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, watau C.M.S., ta aiko wasu samari Lakwaja da nufin su kutsa ƙasar Hausa. Shugabanninsu biyu, John Alfred Robinson da Graham Wilmot Brooke, sun koyi Hausa, sun sa riga da rawani, amma na farko ya mutu a 1891, na biyu a 1892, ba wanda ya ga Kano. Don tunawa da Robinson aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, ita ce ta aiko ɗan'uwansa Charles Henry Robinson, wanda ya isa Kano a ƙarshen 1894, ya koma da rubuce-rubucen ajami da labarin wata al'umma mai birane da kasuwanci da karatu. Wannan labari ne ya kama zuciyar Mila. Tare da labarin kuwa ya haɗiyi wani kuskure da ya yaɗu tsakanin 'yan mishan na lokacin, cewa wai Musuluncin talakan Hausa na fatar baki ne, Fulani ne suka ɗora masa shi da takobi, da zarar an karya ikon sarakuna zai yar da shi. Shekaru hamsin na rayuwarsa sun tafi wajen karo da gaskiyar da ta saɓa wa wannan zato.

Tarabulus, Kano da Girku

Da yake hanyar shiga ƙasar Hausa ta kudu ba ta buɗe ba tukuna, sai C.M.S. ta tura shi Tarabulus tare da abokansa biyu, Richardson da Ryder, don su koyi harshe. Wannan dabara ce mai kyau, domin a lokacin Tarabulus ita ce bakin hanyar fataken Sahara, kuma akwai Hausawa a cikinta, fatake da alhazai da 'yantattun bayi. A nan ya haɗu da wani yaro Bakatsine, Abdulmajid Tafida, wanda ya ƙetaro hamada tare da mahaifinsa za su aikin hajji, mahaifin ya rasu a hanya. Mila ya riƙe yaron. Daga baya yaron ya zama ɗan gidansa, ya shiga addininsa, ya kuma zama ɗaya daga cikin waɗanda Hausar Mila ta nuna a bakinsu. Ya kamata a lura da wannan, domin ya zama al'adarsa har tsufa: bai yi aure ba, 'ya'yan Hausawa da ya rena su ne iyalinsa.

A farkon 1900 ayarin mutum biyar ya tashi daga Ikko: Bishop Herbert Tugwell, da Mila, da Richardson, da Ryder, da wani mai suna Burgin. A ranar 1 ga Janairu na wannan shekara ne Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, amma ikonsa bai wuce bakin Kwara da Binuwai ba. Kano da Zazzau da Sakkwato suna hannun masu su. Ayarin ya wuce inda sojan Lugga ke iya kare shi, ya isa Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Kwasau ya karɓe su da mutunci. Maimakon su tsaya nan, sai suka zarce Kano a watan Afrilu ba tare da an gayyace su ba. Sarkin Kano Alu ya sa aka shigo da su fada, ya ƙi sauraron buƙatarsu ta zama da buɗe makaranta da ɗakin magani, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari.

'Yan mishan sun daɗe suna ba da wannan labari a matsayin wulaƙanci da aka yi wa bayin Allah. Amma in an dubi al'amarin daga zauren Sarki, ba shi da wata hanya. Ga Nasara sun ci Bida da Ilori a 1897, ga labarin tutar Lakwaja, sa'an nan ga wasu Nasaran sun iso ƙofar gari ba izinin Sarkin Musulmi, suna cewa su ba ruwansu da waɗancan. Wa zai gaskata? Shi kansa Lugga bai ji daɗin tafiyar ba, domin ta nuna Bature ana korarsa, ta kuma ƙara wa sarakuna zargi. Wannan ne karo na farko da himmar Mila da abokansa ta sha gaban izinin hukuma.

Daga Kano suka komo suka yada zango a Girku, kudu da Zariya. Garin kuwa ya riga ya ci ɗan mishan ɗaya, domin a nan ne Walter Gowans, ɗan Kanada, ɗaya daga cikin mutum ukun da suka fara abin da ya zama S.I.M., ya mutu a 1894. A nan Ryder ya kwanta ciwon atuni ya mutu. Richardson ya yi ciwo aka mai da shi gida. Gobara ta cinye masaukinsu. Kafin shekara ta kewayo ayarin ya watse, ba su sami mutum ɗaya ba. Mila kansa ya koma Ingila da rashin lafiya, kuma da ya ce ya haƙura ba wanda zai zarge shi. A maimakon haka sai ya buga ɗan littafinsa na koyon Hausa mai suna Hausa Notes a 1901, ya sake ɗaura kaya ya dawo, a wannan karon tare da G. P. Bargery, mutumin da daga baya ya bar aikin mishan ya shiga na gwamnati, ya ba mu babban ƙamus na 1934.

Tsakanin Sarki da Razdan

A 1905 Mila ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke. Kafin nan ƙasa ta juya: an tuɓe Kwasau, an naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903, Kano da Sakkwato sun faɗi a wannan shekara. Abin da ya yi fata ya auku ke nan, ikon sarakuna ya karye. Sai dai talakawa ba su yar da addininsu ba, kuma sabuwar hukumar ba ta buɗe masa ƙofa ba. A Sakkwato, cikin Maris 1903, Lugga ya yi alkawari gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin jama'a ba, kuma waɗanda suka gaje shi suka fassara alkawarin da cewa ba za a bar 'yan mishan su yi wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulmi ba. Gidan Mila kuwa ya kasance a cikin ganuwar wani babban birni na daular Usmaniyya.

Mu mutanen ƙasar Haɗeja ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan abin da ya sa zukata suka ƙi buɗuwa. Shekara guda bayan Mila ya zauna a Zariya, cikin Afrilu 1906, sojan Nasara suka shiga Haɗeja da igwa, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da manyan jarumawansa. Makonni kaɗan kafin wannan an shafe garin Satiru a ƙasar Sakkwato. Mutumin Kaugama ko na Auyo da ya ji wannan, sa'an nan aka ce masa akwai wani Bature a Zariya mai ba da magani yana kira zuwa ga addinin salama, ba shi da ma'aunin da zai raba wannan Bature da wancan. Mila ya so a raba su, amma bai taimaki kansa ba, domin shi aminin Lugga ne, yana taimaka wa gwamnati da fassarar takardu, yana kuma yi wa jami'anta jarrabawar Hausa.

Ta wannan kusanci ne ya sa hannu cikin al'amarin da ya shafe mu kai tsaye a wannan sashe. Mila na cikin waɗanda suka matsa wa Lugga a rubuta Hausa da baƙaƙen Rumawa a bar ajami. Hujjojin da aka bayar su ne sauƙin bugawa da sauƙin koyo ga Turawa, amma shi yana da wata hujjar ta daban wadda bai ɓoye ba: yana ganin ajami na ɗaure mai karatu ga Larabci da Alƙur'ani. Ya kuma tsara shirin makarantu, ɗaya ta 'ya'yan sarakuna, ɗaya ta malamai, Lugga ya yi na'am. Sai Lugga ya bar Arewa a 1906. Magajinsa Girouard bai amince da Mila ba ko kaɗan, aka ɗauki aikin ilmin gwamnati aka ba Vischer, wanda shi ma tsohon ɗan C.M.S. ne, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, ba wa'azi a cikinta. Boko ya ci gaba, amma ba a hannun Mila ba, kuma bai kai mutane inda ya zata ba. Baƙaƙen nan da ya yi wa yaƙi su ne yau ake buga tafsiri da fiƙihu da waƙoƙin Shehu da su.

Zamansa da Sarkin Zazzau Aliyu kuwa ya fara da girmamawa ya ƙare da gaba. Mu ɗaliban adabi mun san Aliyu Ɗan Sidi a matsayin fasihin da ya yi Tabarƙoƙo da Waƙar Diga, mutumin da ya ga zamani ya juya ya zuba baƙin cikinsa cikin baitoci. Mila kuwa ta wata fuskar ya san shi. Gidan mai magani wuri ne da talaka ke zuwa da gyambonsa da kukansa, kuma Mila yana jin Hausa yadda ba mai iya yi masa rufa-rufa. Ƙorafe-ƙorafen da ya ji na zalunci da ƙwace da cinikin bayi a ɓoye ya riƙa rubuta su yana aika wa hukuma, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Razdan-razdan masu aƙidar mulki ta hannun sarakuna, irin su Temple da Palmer, sun ɗauke shi ƙaya a ƙafa. A wajen 1920 aka tuɓe Sarki Aliyu aka kai shi Lakwaja, can ya rasu, kuma rahotannin Mila na cikin abubuwan da suka jawo haka.

A nan hukunci yana da wuya. Ba daidai ba ne a ce duk abin da ya faɗa ƙarya ce don kawai shi ɗan mishan ne, domin abin da ya faɗa game da halin talaka a ƙarƙashin En'e, shi ne 'yan NEPU suka zo suna faɗa a bainar jama'a bayan shekara talatin. Haka kuma ba daidai ba ne a ɗauke shi alƙali marar son rai, domin yana da buƙata a cikin shari'ar, kuma harshensa a kan Musulunci da Fulani yana da kaifi har ya wuce kima. 'Yar'uwarsa Ethel, wadda ita ma ta yi aikin mishan a Arewa, ta fi shi zafi, har ta buga wata ƙasida ta ɓatanci wadda ta tayar da hankalin Musulmi da na gwamnati. A ganina Mila bai taɓa iya bambanta muryar Ubangijinsa da muryar ra'ayinsa ba, kuma wannan ita ce cutar da ta fi kama masu zuciya ɗaya a kowane addini.

Isawa da Gimi

Bayan shekaru takwas a Zariya waɗanda suka karɓi baftisma a hannunsa ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1913 wani abu ya faru wanda ya ɗauka amsar addu'arsa ce. Wasu samari suka zo gidansa suka ce su zuriyar mabiyan wani Malam Ibrahim ne. Kamar yadda zuriyar ke ba da labari, Malam Ibrahim masani ne a Kano wanda ya dulmuya cikin nazarin ayoyin Alƙur'ani masu magana a kan Annabi Isa, har ya fifita shi, ya tara mabiya. Aka nemi ya janye ya ƙi, aka tsire shi a kasuwar Kano wajen 1867, zamanin Sarki Abdullahi. Mabiyansa suka watsu, wasu suka nufi wajen duwatsun Ningi, inda ikon Kano bai kai ba. Su ne ake kira Isawa.

Ya kamata a yi hattara a nan. Isawa ba Kirista ba ne. Ba su taɓa ganin ɗan mishan ba, daga cikin karatun allo da na ilmi aƙidarsu ta tsiro, kuma da yawansu ba su bi Mila ba, suka ci gaba da zamansu. Amma wasu gidaje sun bi shi, aka samar musu wuri a Gimi cikin ƙasar Zazzau, suka kafa ƙauye, da makaranta da majami'a, a ƙarƙashin kulawar wani Rabaran baƙar fata daga tsibiran Karibiyan mai suna Thompson. Wannan shi ne abin da Mila ya yi mafarki tun yana Tarabulus: Hausawa manoma da malamai, cikin rigunansu da harshensu, suna bin Almasihu.

Wurin ashe matattarar ƙudan tsando ne. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga ƙauyen ya yi ta ɗauka, manya da yara, a lokacin da maganin cutar bai wadata ba. Mutanen da suka tsira daga takobin Kano suka ƙare a kan tabarma, a wurin da aka kai su don su tsira. Aka kwashe waɗanda suka rage, yawancinsu yara, aka kai su Zariya. Mai karatu ya tuna wanda abin ya faru a hannunsa likita ne. In ana neman inda aka gwada sallamawar Mila gwaji na gaske, to, ga shi nan, ya fi na Kano da na Girku nauyi, domin a can shi da abokansa ne suka biya, a nan kuwa waɗanda suka amince da shi ne. Bai tafi ba. Ya tattara marayun ya ci gaba da koyar da su.

Wusasa

Gwaji na biyu daga cikin gida ya zo. A shekarun 1920 gwamnati ta ƙara matsa lamba a fitar da mishan daga cikin birni, fada ma haka take so. A wannan karon C.M.S. kanta ta ga hikimar haka. Sababbin ma'aikata, irin su Rabaran Guy Bullen, suna ganin gidan Durumin Maigarke ya yi ƙunci, ba filin asibiti, ba na makarantar kirki, kuma zaman doya da manja da hukuma ya hana kome ci gaba. Aka ba su fili a Wusasa, bayan ganuwa, a gindin dutse, aka ƙaura a 1929. Magina Hausawa suka gina majami'ar ƙasa da bakan gizo irin na soron sarakuna, aka sa mata sunan Saint Bartholomew, sunan da ya zo daidai da na asibitin da Mila ya yi karatu.

Mila ya ƙi wannan shiri iyakar ƙarfinsa. A wurinsa fita daga birni gudu ne daga filin daga, kuma ware Kirista a unguwa tasu ta daban zai mai da su baƙi a ƙasarsu. Shekara ashirin da huɗu ya yi yana riƙe da wannan gida, an nemi fitar da shi ba sau ɗaya ba ya ƙi, yanzu ga 'yan'uwansa sun sa hannu. To, almajiri ya yi yaya in umurnin na gaba da shi ya saɓa wa abin da ya hakikance shi ne kiransa? Abin da Mila ya yi ya tsaya tsaka-tsaki. Bai fasa ƙungiya ba, bai ja mabiyansa sun kafa tasu ba, ko da yake da ya so da wasu sun bi shi. Amma kuma bai zauna a Wusasa ƙarƙashin sabon tsari ba. Ya tattara takardunsa ya koma Kano, garin da aka kore shi shekara talatin da suka wuce, ya duƙufa kan fassara.

Tarihi ya ba kowane ɓangare rabonsa na gaskiya. Tsoron Mila ya tabbata, domin Wusasa ta zama tsibiri, birnin Zariya kuma ya ci gaba da zamansa na Musulmi kamar ba a taɓa yin mishan a cikinsa ba. Amma daga wannan 'yar al'umma da makarantarta aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafa ta; da Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975; da Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a can. Mu kuma a fagen adabi muna da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da East, ɗaya daga cikin littattafan farko na ƙagaggun labarai na Hausa.

Fassara da Ƙarshen Rayuwa

Ba Mila ne ya fara fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa ba. Schön ya riga shi tun shekarun 1850, amma Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, yawancin Hausarsa daga bakin Dorugu ya same ta a Ingila. Mila kuwa ya yi kusan shekara talatin yana jin Hausar kasuwa da ta fada da ta zauren malamai. Bai yi aikin shi kaɗai ba: akwai kwamiti na ƙungiyoyin mishan, a cikinsu har da Dokta Andrew Stirrett na S.I.M., akwai kuma Hausawan da aka riƙa gwada kowace jimla a kunnensu, waɗanda sunayensu ba su fito a bangon littafi ba. A 1932 aka buga littafin cikakke a Landan.

Wani abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, mutumin da ya yi yaƙi da ajami don ya raba Hausa da Larabci, da ya zauna fassara bai sami wasu kalmomin da zai ɗauki ma'anonin addininsa da su ba sai waɗanda Musulunci ya riga ya shuka a harshen: Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara, alkawari, almajiri. Ba yadda za a yi wa Bahaushe maganar Ubangiji a kauce musu. Littafin kuma bai fi yin tasiri a inda aka nufa da shi ba. Masu karatunsa na haƙiƙa sun fito ne daga ƙabilun Filato da kudancin Zariya da Bauci da Adamawa, da Maguzawan Kano da Katsina, har ya zamana Hausa ta zama harshen ibada na jama'a masu ɗimbin yawa waɗanda ba ita ce harshen iyayensu ba. Wannan na cikin manyan dalilan yaɗuwar Hausa a ƙarni na ashirin, kuma ba mu cika ba shi haƙƙinsa a darussanmu ba. An yi amfani da fassarar 1932 kusan shekara hamsin kafin sabuwa ta fito a ƙarshen shekarun 1970.

A 1935 Mila ya ajiye aikin C.M.S. ya koma Ingila, ya rubuta littafin tunane-tunanensa, Reflections of a Pioneer, wanda ya fito a 1936. Zaman bai karɓe shi ba. A 1939, yana da shekara sittin da bakwai, ba ƙungiyar da ta aiko shi, ya sake shiga jirgi ya dawo Nijeriya. Bai daina faɗa da hukuma ba. A 1947 ya buga wani littafi, Have We Failed in Nigeria?, wanda sunansa kansa tambaya ce ga 'yan ƙasarsa ko sun kasa a Nijeriya, inda ya soki yadda mulkin Ingila ya jingina da sarakuna ya bar talakan Arewa cikin jahilci da talauci. Ya ƙarasa kwanakinsa a Bukuru, kusa da Jos, ya rasu a can cikin watan Agusta 1952 yana da shekara tamanin, aka binne shi a Jos.